Kati Mai Fes 16

Samarin Gummi masu wasan kwamfuta sun samu sabon abin gardama: fes nawa ne a katin hotonka?

Magana ce ta ilimi, kada a raina. Katin yana karɓar wuta bolt 12, ya sassauto da ita zuwa wajen bolt 1 kafin ƙwaƙwalwarsa ta sha. Fes-fes ɗin ne ke wannan aiki, kamar 'yan gayya: in sun yi yawa, ba mai jigata. Zafi ya ragu, kati ya yi tsawon rai, ko da an matsa masa ya yi gudun da ya wuce ƙa'ida.

Madalla. Wani yaro ya sayo mai fes 16 daga Kano. Gidansu kuwa fes ɗin lantarki ɗaya ne, shi ma sai ya ga dama yake leƙowa.

Abokinsa na Bukkuyum ya ce a ƙara wa katin gudu. A watan Afrilu, jama'a! Lokacin da fanka kanta ke neman mai yi mata fifita. Na Anka ya ce a jira hunturu, ya manta da ƙura.

Har yau dai katin ko ɗumi bai taɓa yi ba. Ana kyautata zaton jikoki za su gaje shi sabo fil.