A Gaishe da Attajiran NFL, Masu Tausayin Magoya Baya

Duk wanda ya san darajar alheri dole ya tsaya ya yaba wa attajiran da suka mallaki ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma in ka cire guda ɗaya, kowace tana hannun wani hamshaƙi ko zuri'arsa. Tun 2006 suka ɗora Roger Goodell a kujerar kwamishina yana yi musu hidima ba dare ba rana. Mutanen nan sun gano yadda za ka sa mutum ya gina maka shago da kuɗinsa, ya biya kuɗin shiga, ya sayi kayanka da tsada, ranar da ka kwashe ka koma wani gari kuma ya zauna yana kuka yana tambayar kansa laifin da ya yi maka. Wannan baiwa ce, ranku ya daɗe, ba kowa Allah ke ba wa ba.

Farkon alherinsu shi ne sun raba magoyin baya da fargaba. Masu kallon Firimiya sun san zullumin watan Mayu, lokacin da ƙungiyoyi uku ke faɗawa rukunin 'yan dagaji. A NFL babu wannan azaba. A 2016 Cleveland Browns ta ci wasa 1 cikin 16, a 2017 ta buga 16 ta sha kashi a dukansu, kuma ba wanda ya ce mata ta sauka. Tukuici ma aka ba ta, don ƙa'idar gasar ita ce wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen gwani cikin matasan da suka fito daga jami'o'i. Mai ƙungiyar kuwa kasonsa na kuɗin talabijin bai ragu da ko sisi ba, tun da raba daidai ake yi, kuma yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da gidajen talabijin a 2021 ta kai kusan dala biliyan 110 cikin shekara 11. Ƙungiya ɗaya ce ke buɗe littafin kuɗinta, wato Green Bay Packers, saboda ita magoya baya ne masu hannun jarinta, sun haura dubu 500. Littafin ya nuna kason kowace ƙungiya ya wuce dala miliyan 400 a shekara tun kafin a sayar da tikiti ɗaya. Packers tana wani ƙaramin gari mai mutum dubu 100 da 'yan kai, ba ta taɓa ƙaura ba, ga kofuna ta ci. Da attajiran suka ga haka sai suka kafa doka cewa ba za a sake barin jama'a su mallaki ƙungiya ba. Sun kyauta. Talakan da ke fama da kuɗin haya, ina shi ina ɗaukar nauyin dukiya?

Shekarar magoyin baya tana farawa ne watanni kafin a buga wasan farko, ranar da takardar biyan tikitin kaka ta iso masa. A ƙungiyoyi da yawa sai ya fara sayen abin da suke kira lasisin kujera, wato ya biya dubban daloli domin a ba shi izinin biyan kuɗin tikiti. A cikin tikitin an cusa masa wasannin share fage na watan Agusta, inda gwanayen da ya zo gani suke tsaye a gefen fili da hular hana-salla, suna kallon yaran da za a sallama kafin wata ya ƙare. Ta haka ake koya masa haƙuri tun kakar ba ta fara ba.

Wanda ba shi da halin zuwa fili shi ma ba a manta da shi ba. Ranar Lahadi yana neman wasa a CBS da Fox, da dare NBC, daren Litinin ESPN. Tun 2022 wasan daren Alhamis ya koma Amazon. Tun 2023, wanda ke son ganin ƙungiyar da ba ta garinsu ba sai ya biya YouTube ɗaruruwan daloli. Wasannin Kirsimetin 2024 kuma Netflix aka ba. A Janairun 2024 aka ɗauki wasan sili-ɗaya-ƙwale tsakanin Kansas City Chiefs da Miami Dolphins aka kulle shi a manhajar Peacock, duk wanda ba ya garuruwan biyu sai ya yi rajista ya biya. Waɗanda suka je filin a daren sun zauna cikin sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, kuma daga baya wani asibitin garin ya ce cikin mutanen da ya yanke wa yatsu saboda sanyi har da 'yan kallon wasan. Ba a ɗage wasa ba, domin alkawari kaya ne, kuma an riga an yi wa masu talla alkawari. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa ƙirgawa a 2010, ta ce cikin awa uku da 'yan mintuna da ake yi ana kallo, ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce minti 11 ba. Sauran lokacin ba a bar ɗan kallo cikin kaɗaici ba, an cika masa shi da tallan mota da giya da inshora.

Amma karamcinsu bai fito sosai ba sai a wajen ginin filayen wasa. Nan ne suke jawo kowa a jika, har da wanda bai taɓa kallon wasa ba. A 1996 mutanen gundumar Hamilton, inda birnin Cincinnati yake, suka yarda a ƙara musu harajin sayayya don gina filaye biyu, ɗaya na Bengals. Kuɗin bai isa yadda aka yi lissafi ba, sai a 2012 gundumar ta sayar da wani asibitin gwamnati don cike giɓi. Marar lafiya ai yana iya jira, wasan Lahadi ne ba ya jira. A Buffalo, jihar New York da gundumar Erie sun ɗauki nauyin dala miliyan 850 na sabon filin Bills, wanda kujerunsa ba su kai na tsohon ba, kuma sai da lasisin kujera. Waɗannan mutanen Buffalo su ne idan ƙanƙara ta binne fili suke fitowa da shebur su kwashe. A Nashville abin da jama'a za su biya ya haura dala biliyan 1.2. Idan an gama gini, ribar tikiti da ta ɗakunan manya ta mai ƙungiya ce, bashin kuma na gari. Kowa ya samu rabonsa.

To, garin da ya yi taurin kai fa? Shi ma ana masa tarbiyya. A daren 28 ga Maris 1984, ƙanƙara na zuba, Robert Irsay ya sa manyan motocin kamfanin Mayflower suka kwashe kayan ƙungiyarsa, Baltimore Colts, kaf suka nufi Indianapolis. Da dare ya yi, don kada ya tayar da mutane daga barci. Gari ya waye babu ƙungiya. Makaɗan badujalar ƙungiyar suka ƙi watsewa, suka yi shekara 12 suna busa da kiɗa a bukukuwa ba su da 'yan wasan da za su yi wa. Son maso wani, ƙoshin wahala. Da gasar ta tashi share musu hawaye a 1996, sai ta bar attajiri Art Modell ya ɗauko musu ƙungiyar mutanen Cleveland ta wancan lokacin, aka sa mata suna Ravens, kuka ya koma wani gida.

Gwanin gwanaye a wannan fage shi ne Stan Kroenke, kuma magoya bayan Arsenal na Kano da Damagaram sun san sunan, don shi ne mai ƙungiyarsu. Ɗan jihar Missouri ne, har sunansa Enos Stanley an ɗauko shi ne daga gwanayen wasan besbol biyu na birnin St. Louis. A 1995 birnin ya gina katafaren fili mai rufi da kuɗin jama'a, Rams ta taso daga Los Angeles ta zauna, ta ci kofin gasar, wato Super Bowl, a Janairun 2000. A 2010, lokacin da Kroenke ke shirin mallake ƙungiyar baki ɗaya, ya shaida wa jaridar garin cewa shi haifaffen jihar ne kuma zai yi iya ƙoƙarinsa Rams ta zauna. A 2014 ya sayi makeken fili a Inglewood, kusa da Los Angeles. Mutanen St. Louis suka ruɗe, suka tsara sabon filin wasa a bakin kogi na sama da dala biliyan 1. Takardar neman ƙaura da Rams ta miƙa wa gasar ta ce duk ƙungiyar da ta karɓi wannan tayi ta kama hanyar talauci. Ranar 12 ga Janairun 2016 attajirai suka kaɗa ƙuri'a, 30 suka yarda, 2 suka ƙi. Aka bar wa birnin fili babu ƙungiya, da bashin ginin da suka ci gaba da biya har 2021. Birnin ya kai ƙara, aka sasanta a kan dala miliyan 790 kafin a kai ga zaman shari'a a bainar jama'a, kuma bayan wata uku Kroenke ya ɗaga kofin Super Bowl a sabon filinsa. Ina wanda ya ce gaskiya ce kaɗai ke kai mutum gaci? Shi da iyalan Glazer, masu Tampa Bay Buccaneers da Manchester United, sun so su kai wa Turai wannan ni'ima ta gasar da ba a faɗuwa a Afrilun 2021, amma 'yan kallon Ingila marasa godiya suka fito kan titi, shirin ya watse cikin kwana biyu.

San Diego ta riƙe Chargers shekara 56. A Nuwamban 2016 masu zaɓe suka ƙi ƙarin haraji don sabon fili, a Janairu mai ƙungiyar, Dean Spanos, ya yi musu sallama da wasiƙa. Oakland kuwa sau biyu Raiders ta bar ta, a 1982 da 2020, na biyun saboda jihar Nevada ta ajiye dala miliyan 750 a Las Vegas.

Ambaton Las Vegas ya tuna mini da tsoron Allahn gasar. A 2003 ta ƙi yarda a sa tallan yawon buɗe ido na birnin a lokacin Super Bowl, wai kada sunanta ya haɗu da caca. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni, a 2021 gasar ta ƙulla ƙawance da kamfanonin caca na DraftKings da FanDuel da Caesars, a Fabrairun 2024 ta kai Super Bowl ɗin kansa Las Vegas. Yanzu saurayin da ke kallon wasa ana tuna masa a kowane hutu cewa wayarsa na hannunsa. Ɗan wasa Calvin Ridley da ya taɓa cacar kuwa an dakatar da shi kakar 2022 gaba ɗaya, don a kare mutuncin wasa.

Saura waɗanda ake kallo. Mike Webster ya ci Super Bowl sau 4 da Pittsburgh Steelers, yana tsakiyar sahu inda kai ke karo da kai a kowane tashi. Bayan ya yi ritaya hankalinsa ya gushe, ya riƙa kwana a mota, har yakan jona wa kansa na'urar lantarki don ya samu barci. Ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da aka kawo wa gawarsa ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu, daga jihar Anambra. Ya binciki ƙwaƙwalwar ya ga lalacewar da yawan bugun kai ke jawowa, wadda ake kira CTE, ya wallafa a 2005. Gasar tana da kwamitinta na binciken bugun kai tun 1994, kuma don gudun son zuciya ta ba likitan ciwon gaɓoɓi shugabancinsa. Likitocin kwamitin suka nemi a janye binciken Omalu. Sai a 2016 wani babban jami'in gasar ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Shekara 11 ke nan ana taka-tsantsan, kada a yi gaggawar tsorata iyayen da ke sa 'ya'yansu a wasan. A cikin waɗannan shekaru tsohon ɗan wasa Dave Duerson ya harbe kansa a ƙirji a 2011, ya bar saƙo cewa a binciki ƙwaƙwalwarsa. Junior Seau, wanda San Diego ta ɗauka kamar ɗan cikinta, shi ma ya harbe kansa a ƙirji a 2012 yana da shekara 43. Dukansu an samu cutar. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwa 111 ta tsofaffin 'yan wasan NFL da iyalansu suka bayar, suka same ta a 110. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada a ce ba a biya diyya ba, an biya, kuma cikin tsari. Wajen auna wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, an yi amfani da ma'aunin da ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali basirarsa ba ta kai ta farar fata ba, saboda haka sai ya nuna lalacewa mai tsanani kafin a yarda ya yi asara. A gasar da mafi yawan 'yan wasanta baƙaƙe ne, wannan tattali ne mai kyau. Sai da tsofaffin 'yan wasa Kevin Henry da Najeh Davenport suka kai ƙara a 2020 sannan aka bar shi a 2021.

A wannan shekarar ce dai, don nuna damuwa da lafiyar 'yan wasa, aka ƙara wasannin kaka daga 16 zuwa 17, kuma daga baya Goodell ya fito fili ya ce 18 yake hange. Mutumin da aka tumurmusa ranar Lahadi ana iya dawo da shi fili daren Alhamis, ga kwana uku cur na hutu. Kuma attajiran ba su da riƙo. Ɗan Najeriya ne ya tona abin da wasan ke yi wa ƙwaƙwalwa, amma ba su yi fushi da ƙasarsa ba: bayan sansanin neman 'yan wasa da suka buɗe a Akkara a 2022, a 2024 suka iso har Legas suna auna matasa masu tsawo da faɗin ƙirji.