Yadda Ɗan Zangon Kwatano Zai Kalli Madatsar Akosombo Ya Dawo da Sauran Haƙurinsa

Madatsar ruwa ta Akosombo tana kudu maso gabashin Gana, a wani matsatsin kwari inda kogin Volta ya ratsa tsakanin duwatsu. An fara gina ta a 1961, aka kammala a 1965, zamanin Kwame Nkrumah. Tsayin bangonta mita 114 ne, ruwan da ya taru a bayanta kuwa shi ne tafkin Volta, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Tun 1972 aka fara tura wutar wannan dam zuwa Togo da Benin, don haka tela ko mai sayar da ƙanƙara a Zangon Kwatano, cikin Benin, yana da dalilin zuwa ya gan ta da idonsa.

Sai dai tafiyar tana da abubuwan lura. Na ɗaya, mota. Ɗan Zango ba ya bukatar a nuna masa hanyar tasha. Abin da ake ja masa kunne a kai shi ne alkawarin ɗan kamasho: "Alhaji, shiga, saura mutum ɗaya." Wannan mutum ɗayan ba ya zuwa kafin azahar. Uku daga cikin waɗanda aka tarar a zaune ma ba matafiya ba ne, da an sami fasinja na gaske sai su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu, kada matafiyi ya bari unguwa ta ji zai je Gana. In labari ya fita, to, saƙo ya same shi. Hajiyar maƙwabta za ta aiko da ƙullin daddawa a kai wa 'yarta a Nima, cikin Akara. Wani dattijo zai tare shi a ƙofar masallaci da kwalin turare na ƙaninsa da ke Kumasi. In ya ce, "Baba, ai hanyata ba ta bi can ba," sai a ce, "Haba ɗana, ai duk Gana ce." Lambar wayar mai karɓa tana rubuce a yagaggen kwalin sukari, mai ya cinye lambobi biyu na ƙarshe. Daddawa kuwa ba ta yarda da bayan mota, sai dai a rungume ta a cinya, ta shiga riga, ta shiga hula, fasinjoji suna ta waiwaye. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata a daina. Mutum ya tara kuɗinsa wata da watanni don ya ga ikon Allah, an mayar da shi gidan waya ba ko sisin mota, in saƙo ya makara kuma a ce ba shi da zumunci.

Na uku, iyaka biyu ce: Hilakonji, sannan Aflao. A riƙe takardun tafiya da katin rigakafin shawara a aljihun gaba. Sefa tana aiki har ƙarshen Lome, daga nan sai sidi, kuɗin Gana. A mayar da agogo baya da awa ɗaya, domin Togo da Gana suna bayan Benin.

Sai maganar hazo, wadda ta fi duk waɗannan ciwo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rufe kwarin. Mutum ya hau tudun da otal ɗin Volta yake, inda aka fi hango bango da tafki gaba ɗaya, ya tarar da fari fat kamar an shanya zanin gado. Bayan damina ake zuwa, lokacin da duwatsu suka yi kore, ruwa ya cika. Hawa kan bangon kansa sai da izini da ɗan jagora daga hukumar kogin Volta.

A wurin kallon akwai mutum biyu da ake gudu. Akwai mai hoto, wanda ya juya wa tafki baya tun isowarsa, yana miƙa wa kowa waya: "Yaya, ƙara ɗaya, hular ba ta fito ba." Akwai kuma abokin tafiya da zai leƙa sau ɗaya ya ce, "Ashe ruwa ne kawai, ai muna da teku a gida." Irin wannan a gaya masa cewa mutane kusan 80,000 aka tasa daga garuruwansu kafin ruwan nan ya kwanta, gonakinsu da kaburburan iyayensu suna ƙarƙashinsa. In bai yi shiru ba, a matsa gefe a bar shi da daddawar.

A kan hanyar dawowa a tsaya Atimpoku, kusa da gadar Adomi, a sayi abolo, wainar masara mai zaƙi-zaƙi, da soyayyun ƙananan kifi. A ci tun da zafi, a kuma kama hanya da wuri don kada dare ya riski mutum a iyaka.