Yadda Malam Ya Kama Hayar Gem a Gajimare

Mutumin da wannan abu ya faru da shi ni ne. Amma tunda akwai abin kunya a ciki, kuma surukaina suna karanta mujalla, daga nan zuwa ƙarshe za mu riƙa ce masa Malam.

Malam magidanci ne a Kano, ma'aikacin ofis, irin mutanen da ba sa sayen tumatir sai sun zaga kasuwa sau biyu. Ɗan ƙanwarsa da yake riƙo, yaro ɗan shekara 14, ya shafe wata uku yana yi masa nacin PlayStation 5. Malam ya bincika, ya ga dala 499 aka sa mata ranar da ta fito a Nuwamban 2020, ya buga da canjin naira, ya kife wayar ya yi salati. Daga nan sai wa'azi: su a zamaninsu ƙwallon tsumma suka buga, kuma ga su nan sun zama mutane.

Ana cikin haka ya ci karo da labarin abin da Turawa ke kira wasa a gajimare. Na'urar gem ɗin ba ta zuwa gidanka. Tana can a rumbun kwamfutocin kamfani, a wata ƙasa. Kai dai ka danna maɓalli, saƙon ya tafi can, kwamfutarsu ta yi aikin, ta aiko maka da hoton kamar kana kallon bidiyo. Kuɗin wata kawai za ka biya. Gidan haya ke nan, ba ruwanka da sayen fili, balle siminti.

"Kawu, wallahi ba zai yi ba," in ji yaron.

"Rashin karatu ne ke damunka. Duniya ta wuce sayen akwati."

Da Malam ya ƙarasa nasa karatun, da ya ga maƙabartar da ke bayan wannan kasuwa. Kamfanin OnLive ya buɗe a 2010 da irin wannan alƙawari, a 2015 Sony ya saye haƙƙin fasaharsa aka ja ƙofa. Google, da duk dukiyarsa, ya ƙaddamar da Stadia ranar 19 ga Nuwamba 2019, ya rufe ta ranar 18 ga Janairu 2023. An mayar wa mutane kuɗinsu, wannan a yaba, amma gem ɗin da mutum ke cewa ya saya ya tafi tare da shagon. Hannun gem kaɗai ya rage wa jama'a, shi ma sai da kamfanin ya fito da hanyar mayar da shi mai aiki da Bluetooth, don kada ya koma abin danne takarda. Da ƙasashe 14 Stadia ta fara, babu ta Afirka ko ɗaya. Microsoft da Nvidia kam suna nan suna cin kasuwarsu, kuma wanda ke zaune kusa da rumbunansu, da intanet na waya har cikin ɗaki, yana morewa. Malam dai wannan layin na ƙarshe kawai ya karanta, rabinsa ma.

Kamfanin da ya zaɓa, wanda ba za mu kama suna ba, ya fara da shaida masa cewa ba ya aiki a ƙasarsa. Wannan bai dame shi ba. Tun lokacin da aka rufe Twitter a ƙasar a 2021 yake da manhajar nan mai ɓad da sawu, don haka cikin minti biyu ya zama mazaunin Turai. Katinsa na naira ya ƙi biya, ya kira wani abokinsa da ke karatu a waje ya biya masa wata ɗaya, bisa sharaɗin za a mayar masa. Ya ari hannun gem a wajen maƙwabci. Ranar Asabar bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jingina wayar da fulas ɗin shayi, ya sa aka tara masa yara su zo su ga ilimi.

Ƙwallo ya zaɓa, da kwamfuta, a mataki mafi sauƙi.

Minti na farko abin ya ba da sha'awa. Ciyawa kore shar, 'yan kallo na ihu, har inuwar 'yan wasa ana gani. Malam ya juya ya kalli yaron, kallon nan na "me ka ce?" Sai aka take wasa. Ya danna a ba da ƙwallo, ɗan wasansa ya ci gaba da gudu kamar bai ji ba, sai da aka ƙwace ta sannan ya ɗaga ƙafa ya shuri iska. Gola kuwa ya zama irin ma'aikacin da ke zuwa ofis bayan an tashi: ƙwallo na cikin raga, abokan hamayya sun fara murna, sannan ya yi tsalle mai kyau zuwa hagu. Da Malam ya fusata ya danna a kai wa wani zamiya, kafin umarnin ya je Turai mai ƙwallon ya riga ya ba da ita ya juya baya, ɗan wasan Malam ya zo ya share shi ta baya. Jan kati.

Yaran suka kwanta a ƙasa don dariya. Wata 'yar shekara shida ta tambaya ko 'yan wasan Baba azumi suke yi.

Nisa ne ya yi wannan aika-aika, kuma nisa ba a yi masa tayi. Haske a cikin wayar intanet ta ƙarƙashin teku yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000. Zuwa da dawowa 16,000 ke nan, wato kashi 80 cikin dubu na sakan. Shi kuwa Nvidia, a sharuɗɗan da ya gindaya wa masu hulɗa da shi, cewa ya yi jinkirin kada ya kai wannan 80 ɗin. Tun kafin a sa lissafin eriyar unguwa, da cunkoson yamma, da zagayen da manhajar ɓad da sawu ke ƙara wa tafiyar, guzurin ya ƙare a hanya. Bidiyon YouTube yana iya tara hoto ya ajiye kafin ka iso wurin. Gem ba shi da wannan gatan, don hoton gaba bai wanzu ba sai ka danna.

Malam ya ce sabis ne. Ya kwashi waya da hannun gem ya hau tsani zuwa gefen tankin ruwa, inda aka san sabis ya fi ƙarfi. A can, yana tsugune da babbar riga, ya ci gidansu da kansa, saboda ya danna a fitar da ƙwallo lokacin da ɗan wasan ke kallon gabas, saƙon ya iso yana kallon yamma. Ana shida da nema hoton ya dagule, 'yan wasa suka koma kamar an zana su da tubali, sannan komai ya tsaya cik. Saƙo ya shigo: data ta ƙare.

Gigabayit goma ce ta wata guda, kuma ranar uku ga wata ne. Google da kansa ya taɓa bayyana cewa Stadia na iya shan gigabayit 4.5 a awa ɗaya a hoto mafi ƙaranci, 12.6 a matsakaici. Wannan lissafin ne masu tallar "ba sai ka sayi na'ura ba" ba sa sawa da manyan baƙaƙe, kuma a nan kuɗin yake, musamman tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin data a Janairun 2025. Malam ya sauko a hankali ya jona da wayar uwargida, wadda ke sayar da turaren wuta ta WhatsApp. Bayan minti arba'in ta leƙo daga kicin.

"Malam, me ya cinye mini data? Hajiya na jiran hoton kaya."

"Wataƙila kamfanin ne. Kin san halinsu."

"Kawu ne," in ji yaron.

Washegari da yamma yaron ya ja shi zuwa gidan gem na bakin layi: shago ɗaya, benci biyu, talabijin uku, warin fetur da zufa. A lungu ƙananan yara sun yi cincirindo a kan wata PlayStation 2 da aka ɗaure murfinta da salatif. Irinta ta fito tun shekarar 2000, ta ga haihuwar OnLive da Stadia, ta ga jana'izarsu, kuma in aka hure faifan aka goge da gefen riga har yanzu tana tashi. Malam ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya zauna tsakanin 'yan firamare biyu. Wannan karon yana dannawa ɗan wasa ke motsawa, ba teku a tsakani, ba tankin ruwa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci yaron ya zura masa huɗu.

Sai aka ɗauke wuta. Malam ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce a dokar ƙwallo wasan da bai ƙare ba babu shi. Mai shago ya ce a yi haƙuri minti ɗaya, ya nufi janareta. Malam na lallaɓawa zuwa ƙofa wayarsa ta yi ƙara. Abokin nan ne na waje, yana tambayar yaushe za a turo masa kuɗinsa, da kuma ko Malam ya san cewa in bai soke rajistar ba wata mai zuwa ma za su cira da kansu.

Janareta ya tashi. "Kawu, zauna," in ji yaron, yana miƙo masa hannun gem. "Daga farko za mu sake."