Zuwa ga Bakano Mai Zakka da Kalkuleta

Kai Bakano, bawana! Ubangidanka ne daga Wusasa. Gyara zama, yau da kai nake.

Lahadin da na kwana gidanka, ka tashe ni tun asuba, alhali sujada sai ƙarfe takwas. Muka isa majami'a mai shara bai ajiye tsintsiya ba. Ka nufi bencinka na gaba, wanda ko baƙo ya san ba a taɓa shi. Littafin Waƙoƙi a hannu, baki na motsi, ido na kan agogo. Da Fasto ya zarce minti arba'in yana wa'azi, sai ka shiga gyaran murya kamar mai shago a Kantin Kwari da aka cika wa taya babu saye. Labarin zuciya a tambayi fuska, taka kuwa fuskar mai biyan haraji ce.

Zakkarka ce ta fi kashe ni da dariya. Ka ciro kalkuleta, ka cire ɗaya cikin goma cif, ka ga ambulan ya haura da naira hamsin, ka tsaya bakin ƙofa kana neman canji. Haba Bakano! Wanda ya ba ka numfashi kyauta za ka bi bashin hamsin? 'Yan'uwanka suna nan a Matiyu sura 23, Farisiyawan da ke fitar da zakka har ta kayan ƙanshin miya, suka bar jinƙai da adalci a baya. Littafi Mai Tsarki yana hannunka, da Hausa ma, tun 1932, kuma Likita Miller da ya yi ɗawainiyar fassarar a Zariya ya zauna. Mun yi muku mai wuyar, karatu kawai ya rage.

Duba Luka sura 15. Kowa na maganar ƙaramin ɗan da ya cinye gado ya dawo, ni kuwa babban wa nake gani in tuna ka. Bai taɓa fashin gona ba, bai taɓa saɓa wa uba ba, amma ranar biki ya toge a waje yana lissafin ɗan akuyan da ba a yanka masa ba. Ɗan gida ne, ya mai da kansa ɗan ƙodago. Ɗan ƙodago yana jiran rana ta faɗi a sallame shi, ɗa kuwa yana noma domin gonar ubansa ce. Kunyar da suke ja ɗaya ce, zuciyar ce ta bambanta.

Na san abin da za ka ce, laifi tudu ne. Gaskiya ne ina shiga majami'a ana karɓar baiko, in rera waƙa har da hawaye, Litinin in manta alkawarin da na ɗauka. Ƙaunar da ba ta iya tashi da wuri ita ma da sauranta. Kai tukunya ce babu wuta, ni wuta ce babu tukunya, duk ba mai cin tuwo.

Sai dai na kama ka. Daren Talata, da ka ce za ka sayo kati, na bi ka. Na ga buhun masara a bayan babur ɗinka, na ga ka jingine shi a zauren wata gwauruwa ta Zumuntar Mata, ka kashe fitila ka tura babur da hannu don kada a ji ƙara. Washegari na buɗe littafinka na lissafi, babu buhun a ciki. Ashe Bakano na iya yin asara da gangan!

To wannan mutumin na daren Talata nake so ka riƙa zuwa da shi ranar Lahadi, ka bar mai kalkuletan ya yi gadin gida. In ba haka ba, zan ba da labarin buhun a lokacin sanarwa, kasuwa ta ji cewa kana kyauta. Kuɗin rufe bakina zakara ne na Kirsimeti, kuma kada in ji ka ɗora shi a sikeli.