Lasisin da Ya Maƙale Min a Wuya

Autana yana in'ina, uwarsa ta ce in nemo mai gyaran magana. Ni kuwa ba na sayen kifi a ruwa, sai na zauna na yi bincike. A Najeriya hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa, ita ke yi wa masu gashin ƙashi da masu gyaran magana rajista, lasisin kuma duk shekara ake sabunta shi. Inshorar NHIA ma tana da nata tsarin: asibitinka ya rubuta takardar turawa, kamfanin inshora ya ba da lambar izini. Tambayoyi uku na rubuta, na kwana ina haddarsu kamar mai zuwa kotu.

Jiya da hantsi muka shiga wurin wata mai gyaran magana. Matar ta gaishe mu, na gyara babbar riga, na ɗaure fuska na ce, "Hajiya, kafin komai ina son ganin la... la... la..."

Shi ke nan. Kalmar ta tsaya cak, harshena ya manne a ganɗa. Ni da na yi shekara goma ina sanarwar ɗaurin aure a unguwarmu! Na sake ɗaukowa daga farko: la, la, la, kamar mai rarrashin jariri. Sai ta jawo kujera, ta juya wa yaron baya, ta fuskance ni.

"Malam, ja numfashi, babu mai korar ka. Tun yaushe abin ya fara maka?"

Maka fa ta ce. Har ta buɗe fayil.

Nan yaron da na kawo gyara ya ɗago kai ya ce, tar, babu ko gargada, "Baba, lasisi kake son cewa."

Lasisin ma yana rataye a bango cikin gilashi, daidai saitin hulata.

Ashe ƙofa a buɗe take, wani dattijo a kan benci ya ji komai. Muna fitowa ya riƙe min hannu. "Ɗana, kada ka ɓata kuɗinka. Ka samo aku, ka sha ragowar ruwansa kwana bakwai." Na ce Baba, yaron ne marar lafiya. Ya ce yaron ai ya ji shi, ras yake. In aku ya yi tsada, in je wurin wanzami ya duba belina, don tun daga nesa ya lura wuyana ya yi kauri. Da na ambaci inshora sai ya yi tsaki, ya ce aku ba ya neman lambar izini, gyaɗa kawai yake ci.

Sai a adaidaita na tuna ban tambayi matar ko tana karɓar inshorar ba. Na kira lambarta.

"In... in... in..."

"Malam," ta ce, "Talata da ƙarfe tara. Ku zo ku biyun."