Wuƙar da Ke Bin Ra'ayin Kanta

A Bazaga magidanci ba ya wuni bai nemi wuƙa ba. Ga feren rake, ga igiyar akuya, ga mangwaro in lokacinsa ya yi. Ni kuwa kullum aro nake, har uwargida ta fara ɓoye tata. Ita ɗin ma albasar Galmi ta riga ta ratsa ta, duk raken da na fere da ita sai ya zo da ɗanɗanon miya. Ran wata Laraba na shirya na nufi kasuwar Ƙonni neman 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa, wadda kuɗinta ba zai hana ni barci ba.

Ɗan koli ya baje mini hajarsa. Ga Opinel ta Faransa mai ƙotar itace, wadda ake ƙerawa tun 1890, da zobe a wuyanta. Ka murɗa shi ruwan wuƙar ya tsaya cak. Ga Okapi, da Jamusawa suka fara yi a Solingen a 1902 kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu. Sunan wata dabbar dajin Kwango ta ci, 'yar'uwar raƙuman dawan nan na Kure. Da na ji kuɗinsu sai na ajiye su a hankali, na goge hannuna.

Nan ya zaro wata daga ƙasan tebur, tana walƙiya har da zanen damisa.

"Alhaji, wagga ko Yamai ba a samun ta. Jikka guda, don kai na."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Muka ja muka ja, ya sallama a dala ɗari da hamsin, cikin saurin da ya kamata ya sa ni tunani.

A kan kabu-kabu ta fara nuna hali. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙaf a cinyata, na ɗauka canji ne ke motsi. Ashe ita ce ta buɗe kanta tana aiki. Ko da muka iso gida ta ɓarke aljihun wandon tas, canjina da makullin ɗakina sun watse a hanya. Ɗan kabu-kabu ya tsaya yana kallona, na zura hannu a aljihu, yatsuna suka fito ta gwiwa.

Duk da haka ban fid da rai ba. Ana cewa araha ba ta ado, to ita wannan adon ne kaɗai take da shi.

Sai ga suna a gidan surukaina. An yanka rago, za a rataye shi a yi fiɗa, igiya ta yi tsawo, aka shiga cigiyar wuƙa. Na miƙe tsam, na gyara babbar riga, na ce, "Baba, a bar wahala, ga ta nan." Dattawa suka zuba ido. Na sa farce, ta ƙi buɗewa. Na sa ɗan makulli na aro, ta ƙi. Wuƙar da ta buɗe kanta a kan babur ba wanda ya roƙe ta, yau a gaban surukina ta ɗaure fuska. Da na juya baya na sa haƙori, sai ga ƙannen matata sun zagayo ta gaba suna kallo.

Ta buɗe dai daga ƙarshe. Na ɗora kan igiya na danna da ƙarfi irin na mai son fanshe mutunci, sai ta ninke ta dawo kan ɗan yatsana. Allah Ya taimake ni ba ta da kaifi, ko jinin kirki bai fito ba. Igiyar kuwa ko gezau. Surukina bai ɗaga kai ba, ya ce da wani yaro, "Tai ka ɗauko ta maƙera." Tsohuwar wuƙa ce baƙa, ƙotarta ɗaure da roba, ja ɗaya ta raba igiyar.

Washegari na kai tawa maƙera. Maƙerin ya juya ta, ya lanƙwasa ruwan da babban yatsa, ya tambaye ni ko gwangwanin madara na saya. Ya ce abin da ke riƙe ta a buɗe ne ya lalace, kuma shi ne abin da mai saye zai fara gwadawa: ka buɗe, ka danna bayanta a kan itace, in ta rusuna ka ajiye musu abarsu. Maganin da ya samo shi ne ƙusa. Ya buga mata guda biyu, ta tsaya a buɗe har abada. Tunda ba ta shiga aljihu kuma, sai da baduku ya ɗinka mata kube. Da na haɗa kuɗin ƙusa da kube da ɗinkin wando da sabon kwado, Okapi ta fi ta sauƙi.

Jama'a, wanda ya tsinci makulli mai jan zare tsakanin Ƙonni da Bazaga, nawa ne. Canjin na yafe.