Wasiƙa Zuwa ga Alhaji Kabu-kabu

Daga dattawan da ke zama gindin dogon yaro daura da lakwal a Sassumbrum, zuwa ga Alhaji Kabu-kabu. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar ƙafafunka biyu da ta cikinka wanda ba ya ƙoshi da man kwalba. Amma ba'adu:

Ranka ya daɗe, ba mu musun falalarka, domin tun da ka karɓi sarautar hanya daga hannun doki da jaki, waɗanda suka riƙe ta tun zamanin sarakunan Damagaram na farko, mai naƙuda takan isa gidan likita a Magariya kafin al'amari ya ɓaci, tafiyar Dungas kuwa, wadda a da sai an ɗaura guzuri, ta koma je-ka-ka-dawo. Sai dai ka gaji muƙamin jaki ba ka gaji ladabinsa ba, gama shi in ya ga yaro a gabansa yakan ja birki ba da umurnin kowa ba.

Kukanmu a kan sa'o'i biyu ne, lokacin shiga aji da lokacin da mushe, wato malamin lakwal, ya sallami yara, su fito gaba ɗaya da gudu, kowa hankalinsa na kan tukunyar uwarsa, alhali galibin makarantunmu ba su da katangar da za ta tara su ƙofa guda. A daidai nan kake ɓullowa daga bayan amalanke, kana busa oda kamar ita ce za ta matsar da su. Yaro ɗan shekara 7 bai iya kimanta saurin abin da ke tahowa ba, tsawonsa ma bai kai a hango shi ta bayan buhun gero ba. Masana lissafi kuma sun tabbatar cewa in ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ja kafin birki ya tsai da kai yakan ninku sau huɗu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha da kada a wuce kilomita 30 a awa inda yara ke ƙetarawa.

Haka nan ranar da ka yi niyyar taimako, sai ka ɗora almajiran boko biyar, ɗaya a kan tanki, na ƙarshe rabin mazauninsa a iska, ƙafar wani na lasar salansa, gefen hijabin wata na kaɗawa kusa da sarƙa, kai kuwa kana ta fira da wani ɗan'uwanka da kuka jera.

Kada ka ce shari'a ba ta san ka ba don kai baƙo ne. Malamanmu na Malikiyya, a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, sun ɗora lamunin abin da dabba ta taka a wuyan mahayinta, mun kuwa yi ƙiyasi mun ga hujjarka ta fi ta jaki rauni, tun da shi yana da ra'ayin kansa, kai ba ka da shi.

Saboda haka muna roƙo, in ka hango tutar lakwal ka sassauta, ka bar manyan ɗalibai su ƙetarar da ƙannensu. In ka ƙi, za mu kai ƙara gun magajin gari ya gina maka tudu biyu a hanya, ka san kuma yadda ƙugunka yake da su.

A gai da Kamiyo, a ce masa tasa wasiƙar na tafe. Wassalam.